Matani da hashiya: yadda ake samar wa tubalan shafin intanet takardar bayani, da inda ake sauke ta

A ce wani maginin manhaja ya miƙo maka layi ɗaya tak, `<kwanan-wata></kwanan-wata>`, ya ce ka liƙa shi a shafinka tare da fayil ɗin JavaScript ɗinsa, zai riƙa nuna kwanan watan yau na Miladiyya da na Hijiriyya. Ka liƙa, ya yi aiki, ka ji daɗi. Bayan kwana biyu kana son ya nuna ranar wani taro maimakon ta yau, ko kana son rubutun ya koma kore don ya dace da sauran shafin. Nan za ka tsaya cak. Layin ba ya gaya maka abin da yake karɓa. In ka yi canke ka rubuta masa wata sifa da bai sani ba, ba zai yi ƙorafi ba, burauza ma ba za ta ce uffan ba. Haka HTML take tun asali, abin da ba ta gane ba sai ta tsallake shi ta wuce. Wannan haƙuri nata ya taimaki intanet ƙwarai, amma ga wanda ke neman inda ya yi kuskure, babu abin da ya fi shirun nan ɗaure kai.

Irin wannan layi shi ake kira Web Components da Turanci. Ni a nan tubalan shafi zan ce musu, domin aikinsu ke nan: a buga tubali sau ɗaya, kowa ya ɗauka ya yi gini da shi. Alex Russell, wanda a lokacin yake aiki a Google, shi ya gabatar da tunanin a taron Fronteers a Amsterdam a 2011. An daɗe ana ja-in-ja tsakanin masu burauza kafin a daidaita. Chrome ta karɓi tsarin da aka amince da shi a 2016, Safari ta biyo baya, Firefox ta shigo da bugunta na 63 a Oktoban 2018, Edge kuma sai a Janairun 2020 da ta koma kan injin Chromium. Yau da irin waɗannan tubala aka gina wasu sassa na GitHub da YouTube, da Photoshop ɗin da ake buɗewa a burauza, kuma kamfanoni kamar Salesforce da SAP da IBM da bankin ING duk suna da tarin tubalansu. Babbar doka kan suna ita ce dole ya fara da ƙaramin baƙi daga a zuwa z, kuma ya ƙunshi karan ɗori, don kada ya yi karo da sunayen HTML na asali. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, an yarda su shiga cikin sunan, farkonsa ne kawai ba za su zauna ba.

Abin da ya sa takardar bayanin tubali ta bambanta da ta sauran manhajoji shi ne katangar da ke kewaye da shi. Yawancin tubala suna ajiye kayan cikinsu a wani keɓantaccen wuri da ake kira Shadow DOM. Kamar gidan Bahaushe ne: baƙo iyakarsa zaure, cikin gida na masu gida ne. Dokokin ado na CSS da ka rubuta wa shafinka ba sa tsallaka katangar, in ban da 'yan abubuwan da ake gada kamar launi da salon rubutu. JavaScript ɗinka ma in ya nemi wani abu a shafin da hanyar da aka saba, ba zai leƙa ciki ba. Amfanin hakan a fili yake, tubalin ba zai ɓata maka shafi ba, kai ma ba za ka ɓata shi ba. Amma ke nan duk wata hulɗa da shi sai ta ƙofar da maginin ya buɗe da gangan, kuma ƙofofin ba iri ɗaya ba ne.

Akwai sifofin waje, waɗanda ake rubutawa a cikin HTML, kamar `rana="2025-03-01"`. Su kullum rubutu ne zalla. Akwai sifofin ciki, waɗanda ake saitawa daga JavaScript, su kuwa suna karɓar lamba ko jeri ko duk wani abu mai nauyi. Sau da yawa sifa ɗaya tana da fuska biyu, ta waje da ta ciki, amma ba kullum ba, kuma ba kullum canjin ɗaya ke bayyana a ɗayar ba. A nan mutane suka fi faɗawa rami. Sifar da take e ko a'a, misali, kasancewarta kawai ake dubawa a al'adar HTML, don haka wanda ya rubuta `disabled="false"` ya kashe maɓallin ne, bai kunna shi ba. Sai kuma shela, wato saƙon da tubali ke aikawa waje idan wani abu ya faru, da tambayar ko shelar tana hawa sama zuwa iyayen tubalin, da ko tana iya ƙetare katangar wani tubalin da ya ƙunshe shi. Sai gurabe, inda mai amfani zai zuba nasa rubutun ko hoton. Sai ƙofofin ado guda biyu: sassan ciki da maginin ya sa wa suna don a iya yi musu kwalliya da `::part`, da kuma ma'aunan CSS masu farawa da karan ɗori biyu waɗanda ke ratsa katanga. Ga wanda ya saba da manhajar da iyakarta ayyuka da abin da suke karɓa, wannan yarjejeniya ce mai fuskoki da yawa, warwatse a harsuna uku. Kayan aikin da aka ƙera don bayanin JavaScript kaɗai suna ganin sifofin ciki, amma ba su san gurbi ba, ba su san sashen ado ba.

Masu Polymer, tarin kayan aikin da Google ta fitar a 2013, sun gane wannan matsala da wuri. Sun yi wani tubali mai suna `iron-component-page` wanda ke karanta wani tubalin ya fitar da shafin bayaninsa, har da wurin gwaji. Daga baya aka raba aikin biyu, wani umarni ya riƙa fitar da fayil mai suna `analysis.json`, shafin kuma ya karanta shi. Tsari ne mai kyau a zamaninsa, kuma da shi kasuwar tubala ta webcomponents.org ta cika da shafukan bayani masu kama ɗaya. Sai dai an kafa shi ne a kan ginshiƙai biyu da ba su ɗore ba. Na farko HTML Imports, hanyar shigo da fayil ɗin HTML cikin wani, wadda Mozilla ta ce tun ƙarshen 2014 ba za ta sa a Firefox ba, Chrome ma ta cire ta a 2020. Na biyu Bower, kayan aikin sauke ƙunshin kod ɗin da wasu suka rubuta, wanda takwararsa npm ta maye gurbinsa. Da Polymer 3 ta fito a 2018 ta bar su duka biyun, daga baya kuma masu ita suka karkata ga Lit, sabon kayan aikinsu na gina tubala. Tsarin bayanin na gida ɗaya ne, da gidan ya tashi sai ya zama ba mai ɗauke shi. A daidai wannan lokacin Stencil ta kamfanin Ionic tana fitar da nata fayil ɗin da nata salon, VS Code, manhajar rubuta kod, na da tsarin da take so, manhajojin JetBrains na da nasu mai suna web-types, Rune Mehlsen kuma ya rubuta web-component-analyzer don ya ciyar da wasu daga cikinsu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma maginin tubali ne ke shan wahalar ciyar da su duka.

Maganin da aka samu, wanda a ganina shi ne abu mafi muhimmanci a wannan fage, ya zo a 2021: Custom Elements Manifest. Ba manhaja ba ce, yarjejeniya ce kan siffar fayil guda mai suna `custom-elements.json`, wanda a nan zan riƙa ce wa kundi. A cikinsa ake jera kowane fayil na aikin, da kowane tubali da ke ciki, da sunansa na HTML, da sifofinsa na waje da na ciki, da shelarsa, da gurabensa, da ƙofofin adonsa, da wanda ya gada, da bayanin kowanne. A fayil ɗin `package.json`, mai ɗauke da bayanin aikin, sai a ƙara layi ɗaya mai suna `customElements` da ke nuna inda kundin yake, ta yadda kowace manhaja za ta san inda za ta neme shi. Pascal Schilp na ƙungiyar Open Web Components ya rubuta manazarcin da aka fi amfani da shi wajen fitar da kundin. Umarnin `cem analyze` ne, yana amfani da injin TypeScript ya warware kod ɗin ba tare da ya kunna shi ba, kuma yana da ƙarin sassa don Lit da Stencil da FAST da Catalyst.

Hikimar abin ita ce an raba mai karatu da mai nunawa. Kundin bai damu da yadda shafin bayani zai kasance ba, shafin kuma bai damu da kayan da aka gina tubalin da su ba. Shoelace, tarin tubalan da Cory LaViska ya gina, wanda daga baya ya koma Web Awesome a ƙarƙashin Font Awesome, ya nuna iyakar abin da za a iya yi da wannan. Daga kundi ɗaya suke fitar da teburorin da ke shafin bayanin kowane tubali, da bayanan da VS Code ke nunawa idan ka fara rubuta sunan tubali, da na JetBrains, har da rigar da ake sa wa kowane tubali don ya yi aiki a React, wani sanannen kayan aikin gina shafuka. Wannan rigar ta zama dole ne domin kafin React 19, da ta fito a Disamban 2024, React ba ta iya miƙa wa tubali abu mai nauyi ko sauraren shelarsa yadda ya kamata. In aka ƙara sifa ɗaya a kod, duk waɗannan wurare suna samun ta a gini na gaba, ba wanda zai tuna ya je ya gyara tebur da hannu.

To amma me manazarcin ke iya gani da kansa? Yana ganin inda aka kira `customElements.define`, don haka ya san suna. Yana ganin jerin sifofin wajen da tubalin ke sa wa ido, da sifofin ciki, da ayyuka. In an aika shela da sunanta a rubuce ƙarara, zai tsince ta. In kuwa an bi ta wani ɗan aiki na taimako, ko an haɗa sunan daga gutsattsarin rubutu lokacin da manhajar ke gudana, ta wuce shi. Gurabe da ƙofofin ado kuwa suna cikin HTML da CSS ɗin da aka cusa a tsakiyar JavaScript, ba ya tono su. Waɗannan sai maginin ya faɗa da bakinsa, a cikin hashiyar da ake rubutawa a saman tubalin da salon JSDoc, wato salon rubuta bayani a cikin kod ɗin JavaScript:

```
/**
 * Yana nuna kwanan wata na Miladiyya da na Hijiriyya.
 * @attr rana - Ranar da za a nuna. In ba a ba shi ba, ta yau.
 * @attr gyaran-kwana - Adadin kwanakin da za a ƙara ko a rage a Hijiriyya.
 * @slot take - Rubutun da zai zauna a saman kwanan watan.
 * @fires rana-ta-sauya - Lokacin da aka shiga sabuwar rana.
 * @csspart hijiriyya - Layin da ke ɗauke da kwanan Hijiriyya.
 * @cssprop --launin-rubutu - Launin rubutun duka.
 */
```

Hashiya na kira ta domin wanda ya yi karatun zaure ya san darajar rubutun da ke gefen matani: yana kusa da abin da yake fassarawa, idon da ya ga ɗaya ya ga ɗayan. Wannan kusancin shi ne dukan amfaninta. Bayanin da aka ajiye a wani fayil can dabam, ko a wani shafi da ake gyarawa da hannu, ba ya ɗaukar wata uku sai ya fara saɓa wa kod. Wanda ke canza sunan gurbi kuwa, in hashiyar na layi goma a saman hannunsa, da wuya ya manta da ita, wanda zai duba aikin kafin a haɗe shi ma zai ga saɓanin. Amma kada a ɗauka an tsira. Manazarcin yana yarda da duk abin da hashiya ta ce. In ta ce akwai gurbi mai suna `take` alhali an cire shi bara, haka zai shiga kundi, haka zai fito a shafi cikin kyakkyawan tebur, kuma mai karatu zai fi gaskata shi saboda ya ga alamar na'ura ce ta fitar.

A nan ne nake da saɓani da masu ganin cewa da an girka manazarci an gama da batun bayani. Koma ga tubalinmu na kwanan wata. Teburin zai ce akwai sifa mai suna `gyaran-kwana`, lamba ce, asalinta sifili. Gaskiya ne, amma bai gaya wa kowa dalilin da ya sa take nan ba. Dalilin shi ne burauza tana lissafa Hijiriyya ne da kalanda ta lissafi, kamar Ummul Ƙura ta Saudiyya, alhali a Najeriya jama'a na bin sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, kuma ana iya samun bambancin kwana ɗaya. Mai gina shafin masallaci ko na makarantar Islamiyya da bai san wannan ba zai iya wayar gari shafinsa na cewa 1 ga Shawwal mutanen unguwa kuwa suna azumi. Haka ma shelar `rana-ta-sauya`: da tsakar dare take fita ko da faɗuwar rana? Kwamfuta da tsakar dare take juya kwana, ranar Hijiriyya kuwa da magariba take shiga. Babu manazarcin da zai san wannan tambaya ce, balle ya amsa ta.

Ko a tubalan da ba su taɓa addini ba haka abin yake. Akwatin rubutu da ke cikin katanga ba ya bin fom ɗin da ke waje idan aka aika shi, sai in maginin ya haɗa su da gangan ta hanyar ElementInternals. Lakabin da ke waje ba ya iya nuna wani abu da ke ciki da sunansa, wanda hakan ke shafar makafi masu amfani da manhajar karanta allo. Shin tubalin yana juyawa daidai in shafin na rubutun dama zuwa hagu ne, kamar Larabci ko Ajami? Wane maɓalli ke buɗe shi ga wanda ba ya amfani da linzami? Yaushe ne bai kamata a yi amfani da shi ba? Daniele Procida, a tsarinsa na Diátaxis, ya kasa takardun bayani gida huɗu: darasin mai farawa, jagorar yin wani aiki, jerin abin dubawa, da kuma fashin baƙi. Kundin na cika gida ɗaya ne, na uku. Ya cika shi da kyau fiye da yadda mutum zai iya, kuma wannan ya isa abin godiya, domin lokacin da aka tsira da shi daga kwafar tebur shi ya kamata a zuba a sauran ukun.

Batun nunawa ba shi da sarƙaƙiya sosai. Wanda ke da tubali ɗaya ko biyu, `api-viewer` na Serhii Kulykov ya ishe shi: tubali ne shi ma, ka nuna masa kundin ya fitar da tebur da wurin gwaji. Ko kuma a juya kundin zuwa Markdown a zuba a fayil ɗin README. Ƙungiya mai tubala da yawa takan ɗauki Storybook, inda kowane yanayi na tubali ke da shafinsa, da makunnan da za ka taɓa ka ga sifa ta canza nan take, kuma yana karanta kundin don cika teburorinsa. Storybook ɗakin gwaji ne mai kyau ga masu ginin kansu. A matsayin ƙofar da baƙo zai fara shigowa kuwa ba na son sa, domin manhaja ce sukutum da sai an sauke JavaScript mai yawa kafin kalma ɗaya ta bayyana. Wanda ke duba bayani a waya, da datar da ya saya da kuɗinsa, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sunan sifa ɗaya yake nema. Shi ya sa na fi karkata ga masu gina shafuka tun kafin a nema, irin su Eleventy na Zach Leatherman, wanda Shoelace ma ta koma kansa. Rubutu da tebur su zo a matsayin HTML zalla, misalan masu rai su biyo baya. Kuma a nan tubalan shafi suna da wata falala da sauran ba su da ita: tun da su HTML ne, misalin da ka rubuta a takardar shi ne kuma gwajin. Layi ɗaya, a nuna shi sau ɗaya a matsayin kod, sau ɗaya a raye a gefensa. Gani ya kori ji. Tun da Firefox ta karɓi hanyar rubuta Shadow DOM kai tsaye a HTML a Fabrairun 2024, bayan Chrome da Safari, ana ma iya gina cikin tubalin tun a saba, wato kwamfutar da ke aiko da shafin, ya iso a kammale.

Masauki kuwa yau ba tsada gare shi ba. Duk abin da waɗannan kayan aiki ke fitarwa fayiloli ne kammalallu, ba sa bukatar rumbun bayanai ko saba ta musamman. GitHub Pages kyauta ne ga aikin da ke buɗe ga kowa, iyakarsa shafi kada ya wuce gigabait 1, zirga-zirga kuma kimanin gigabait 100 a wata, wanda ya fi ƙarfin bukatar yawancin ayyuka. Netlify da Cloudflare Pages da Vercel suna ƙara wani abu mai amfani, wato duk gyaran da aka gabatar yana samun adireshinsa na wucin gadi, mai dubawa ya buɗe ya taɓa tubalin kafin ya amince. Tuntuɓen da ake yi ƙanana ne amma suna cin lokaci. A GitHub Pages shafin aiki yana zama ne a ƙarƙashin sunan aikin, ba a tushen adireshi ba, don haka duk hanyar fayil da ta fara da karan tsaye mai karkata (`/`) za ta yi aiki a kwamfutarka ta mutu a can. In kai tsaye daga reshen ma'ajiyar kod ake ɗorawa, Jekyll, manhajar da GitHub Pages ke gina shafi da ita, na watsi da duk jakar da sunanta ya fara da layin ƙasa (`_`), sai an ajiye fayil marar komai mai suna `.nojekyll`. Sannan kod ɗin da ke cewa a shigo da `lit` da sunansa kawai, saba ta gwaji ce ke fassara shi a ɓoye. Burauza ba ta san inda `lit` yake ba, sai an dunƙule fayilolin kafin a ɗora, ko an ba ta taswirar shigo da kaya, wadda Safari ta zama ta ƙarshe wajen karɓa a 2023.

Babbar matsalar masauki ba waɗannan ba ce, ita ce ta bugu. Na taɓa ɓata yini guda ina bin takardar bayanin wani tarin tubala, ina rubuta sifa daidai yadda shafin ya ce, tubalin na zaune kamar ba da shi nake ba. Ashe shafin ana gina shi ne daga sabon kod da ba a riga an fitar ba, ni kuma abin da ke hannuna bugun da aka fitar ne watanni da suka wuce. Babu inda shafin ya rubuta lambar bugun da yake magana a kai. Da HTML na ƙorafi da na gane a minti ɗaya. Tun daga ranar nake ganin ɗora shafin bayani a duk lokacin da aka taɓa babban reshe kuskure ne. Kamata ya yi fitar da bugu da ɗora bayaninsa su zama aiki ɗaya, umarni ɗaya a GitHub Actions ko makamancinsa, lambar bugun kuma ta fito a saman kowane shafi. Tsofaffin manyan bugu a bar su a jakarsu, domin wanda ya gina shafinsa da bugu na 1 shekara biyu da suka wuce bai yi laifi ba.

Akwai wani ƙulli a nan da ya keɓanta da tubala. Burauza ba ta yarda a yi rajistar suna ɗaya sau biyu a shafi ɗaya, in aka gwada sai ta jefo kuskure. Ke nan ta hanyar da aka saba ba za ka iya nuna bugu na 1 da na 2 na `kwanan-wata` gefe da gefe ba, kuma in shafin bayanin kansa da tubalan aka gina shi, to misalan ma sun ɗauru da wannan bugun. Mafita ita ce kowane misali ya zauna a tagarsa ta `iframe`, ko kowane bugu ya sami shafinsa cikakke mai zaman kansa. Ta biyun ta fi sauƙi, ta kuma fi daɗewa.

Kundin ma da kansa a sa shi cikin ƙunshin da ake turawa npm, a tabbata sunansa na cikin jerin fayilolin da `package.json` ya yarda a tura. A npm ba a sake amfani da lambar bugun da aka riga aka fitar, kuma jsDelivr da unpkg suna ba da kowane fayil na kowane bugu ta adireshi mai ɗauke da lambar. Ke nan ko shafin bayanin ya mutu, ko an daina biyan kuɗin sunansa, ko mai shi ya koma wata sana'a, jerin ƙofofin kowane bugu na nan tare da kod ɗin, wani na iya ɗauka ya sake gina shafi. Abin da zamanin Polymer ya rasa ke nan.

Tun da kundin JSON ne, ana iya tsare shi kamar yadda ake tsare kod. Ɗan gajeren rubutu ya isa ya bi ta cikinsa kafin kowace fitarwa, ya tsayar da aikin in ya tarar da sifa ko shela ko gurbi da ba shi da bayani. Wani kuma ya kwatanta kundin yau da na bugun da ya gabata: in wani suna ya ɓace alhali babbar lambar bugu ba ta ƙaru ba, a tsaya a duba. Na uku shi ne wanda ke kama ƙaryar hashiya, wato gwajin da zai kunna kowane tubali a burauza, ya leƙa cikin katangarsa, ya ƙirga guraben da sassan adon da ke nan da gaske, ya gwada su da abin da kundin ya ce. A tubalinmu na kwanan wata, ranar da wani ya cire gurbin `take` ya bar layinsa a hashiya, wannan gwajin ne zai hana bugun fita.